A yi tattaki don gari, ba don 'yan siyasa ba

A 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari. An tafa masa, amma wane ƙauye ne ya samu rijiya?

Matasan Badaguishiri, mu gyara wannan dabara. Mu taka daga Tahoua zuwa gida, 'yan'uwanmu masu ci-rani a Abidjan da Kano su ɗauki nauyin kowace kilomita, a gyara azuzuwan makaranta da kuɗin.

Sai dai a yi makonni ana atisaye da asuba, domin zafin ranar Adar ba wasa ba ne. Sannan a karanta lissafin kowace dala a bainar jama'a. Idan aka ci amana sau ɗaya, ba mai sake aiko ko sisi.