Waiwaye: Yadda Mararaba Ta Girma Ba Tsari

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ware yankin Abuja a matsayin sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. A 1979 aka kammala babbar taswirar birnin, wadda ta fayyace unguwanni da faɗin tituna da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa. Sai dai ikon taswirar ya ƙare ne a Nyanya, kan iyakar birnin tarayya. Daga nan zuwa Keffi titi ne kawai aka shimfiɗa, ba wanda ya zauna ya tsara abin da za a gina a gefensa.

Da Janar Babangida ya dawo da fadar gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ma'aikata suka kwararo daga Legas da sauran jihohi. Hayar gida a Garki da Wuse ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai ya tsallaka iyaka ya nemi fili a Mararaba ko Ado ko Masaka. A lokacin yankin yana cikin Jihar Filato, kuma Jos, babban birnin jihar, tana da nisa. Ko da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, cinikin filaye ya riga ya kankama. Mai gona ya yanka fuloti, dillali ya kawo mai saye, mai unguwa ya sa hannu a takardar yarjejeniya, washegari a fara haƙa tushe. Rusau ɗin da aka yi a Abuja zamanin ministanta Malam Nasiru El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙara koro dubban iyalai zuwa wannan layi.

Ba doka aka rasa ba. Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da takardar mallaka a filayen karkara, sannan Doka ta 88 ta 1992 ta tanadi hukumar tsara gine-gine a matakin kowace ƙaramar hukuma. Aiki da su ne ya gagara. Ƙauyuka sun zama birni alhali ana sarrafa filayensu kamar gonaki.

Yau kowa yana ɗanɗana sakamakon. Shaguna da gidajen mai da tashoshin mota sun manne wa kwalta. Ba a bar wurin hanyar gefe ba, ba a ware titunan da za su haɗa unguwa da unguwa ta baya ba, don haka kowane lungu babban titin yake juye wa motocinsa. Ma'aikaci yakan bar gida tun kafin asuba don ya tsere wa cunkoson Mararaba da Nyanya. Da damina kuma ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Duk lokacin da aka tashi faɗaɗa titi sai an rusa gine-gine an biya diyya mai yawa, a kan filin da a shekarun baya turaku kaɗan da sanarwa sun isa su kare shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasin bai tsaya ga Ƙaramar Hukumar Karu, inda Mararaba take, ba. Abin da ya faru a nan ya faru a Madalla da Suleja, kuma yana jiran duk garin da sabon titi ya ratsa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin rashin iko ya ragu. Shugabanni da kansiloli su zauna da sarakuna da hukumomin tsara birane na jihohinsu, su shata iyakar gini daga bakin titi, su ware wurin kasuwa da tasha da magudana, su kuma riƙa sake duba taswirar duk bayan 'yan shekaru. Kai kuma mai sayen fili, kafin ka biya dillali, je sakatariya ka tambayi inda titi zai bi.