Ba Kullum Laifin Maharbi Ne Ba

In maharbi ya yi bara ya kuskure, nan da nan sai a ce hannunsa ne ya yi rawa, ko kuwa idonsa ya fara dushewa. Alhali sau da yawa laifin yana ga ƙotar bindigar, watau katakon nan da aka kwantar da bututun ƙarfe a cikinsa.

Ga yadda abin ya ke. Da zarar an taɓa kunama albarushi ya kama, bututun ya kan shiga makyarkyata tun harsashi bai fita ba. Wannan ba aibu ba ne, muddin makyarkyatar iri ɗaya ce a kowane harbi. To, amma katako ba ya zama a hali guda. Duk mai ƙyauren katako ya san yadda ya kan ƙi rufuwa da damina, ya saki da hunturu. Haka ƙota ke kumbura ta tokare bututu ta gefe ɗaya. Mai karatu ya lissafa da kansa: bututu mai tsawon santimita 60, in aka karkatar da bakinsa da rabin milimita kacal, harsashi zai kauce da wajen santimita 8 a nisan mita 100.

Sojojin Amurka sun ɗanɗana wannan a yaƙin Biyetnam. Bindigar M40 da aka ba gwanayen harbinsu a 1966 ƙotar katako gare ta, laimar ƙasar kuwa ta yi ta murɗe ta, har a shekarun 1970 aka sauya ta da ta zaren gilashi.

Maƙera sun rabu biyu wajen magani. Waɗansu su kan sa ƙota ta riƙa tura bututun sama a kusa da bakinsa da gangan, don ta rage masa rawa. Haka Turawan Ingila suka ƙera Lee-Enfield mai lamba 4. Waɗansu kuwa sai su rarake ƙotar, bututun ya tsaya babu abin da ke taɓa shi, sa'an nan su zaunar da gindin ƙarfen daram a kan danƙo mai daskarewa. A ganina ta biyun ta fi, musamman inda damina da rani suka yi hannun riga, gama matsin da kafinta ya auna yau ba shi za a tarar bayan wata shida ba. Gwajinta ma ba wuya: a zura takardar kuɗi tsakanin bututu da katako, a ja ta zuwa gindi. Inda duk ta cije, nan katakon ya ke taɓa ƙarfe.