Darasin Da Ɗalibanmu Suka Raina A Makarantun Kiwon Lafiya

 

Da yawa daga cikin 'yan'uwa sun tura 'ya'yansu makarantun horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko, irin su ta Maƙarfi da ta Jahun da ta Ningi da ta Kankiya da ta Tsafe da ta Gwadabawa, ga kuma tsohuwar Makarantar Tsafta ta Kano wadda ta fara yaye duba-gari tun zamanin Turawa. Wani zai yi shekara 2 ya karɓi satifiket, wani ya yi 3 ya fito da difloma. Wannan abin godiya ne, balle ma da muke ganin 'yan matanmu a cikinsu, alhali mun daɗe muna kukan rashin mata a ɗakin haihuwa. Sai dai akwai wani al'amari game da karatun nasu wanda ya wajaba mu faɗe shi.

A cikin manhajar waɗannan makarantu ana koyar da sassan jikin mutum, da magunguna, da kula da mai ciki da jariri, da rigakafi, da tsaftar muhalli. Akwai kuma darasin ilimantar da jama'a kan lafiya, da na binciken halin al'umma. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne marayun manhajar. Ɗalibi yakan kwana yana haddace sunayen magunguna, yana ɗokin ranar da zai iya yin allura da ƙarin ruwa, domin burinsa shi ne ya buɗe kemis a bakin layi yara su riƙa kiransa likita. Idan kuwa aka shiga darasin ilimantarwa, sai ya ɗauke shi surutu, ya nemi makin tsallakewa kawai.

Haƙiƙa wannan juya al'amari ne a baibai. Taron Alma-Ata na 1978, wanda ya kafa tubalin kiwon lafiya a matakin farko, ya lissafa ginshiƙai 8, kuma ilimantar da mutane kan cututtukan da ke damunsu da hanyar kare kansu shi ya zo a farko. A kan wannan ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora manufar lafiya ta ƙasa a 1988 lokacin yana minista, aka kuma kafa hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma a 1992. Asalin tsarin shi ne ƙaramin ma'aikaci ya ƙarar da mafi yawan lokacinsa a cikin gari, gida-gida, ya san mai ciki tun kafin ta galabaita.

Wanda ke shakkar nauyin wannan darasi, to ya tuna da kurkunu. Manyanmu sun san shi sarai. Mutum ya sha ruwan tafki, bayan kusan shekara guda tsutsa ta huda ƙafarsa, a yi makonni ana naɗe ta a jikin tsinke, sau da yawa kuma a tsakiyar damina, lokacin da gona ke jiran mai ita. Zafin yakan sa shi tsoma ƙafar cikin tafkin don ya ji sanyi, a nan kuma tsutsar take zubar da 'ya'yanta, sai cutar ta koma kan mutanen gari. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 ta gano mutum sama da 650,000 masu ɗauke da ita a Nijeriya. Cutar nan ba ta da ƙwaya, ba ta da allurar rigakafi. Abin da ya kawar da ita shi ne mutanen da suka zauna da matan ƙauye suka nuna musu yadda za su tace ruwa da ƙyalle, suka shawo kan mai ciwon kada ya shiga tafki, tare da sa magani a tafkuna da haƙa rijiyoyin burtsatse. An ga mai ciwon na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da shi. To, wane kemis ne ya taɓa yin irin wannan aiki?

Haka nan gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010: ana niƙa dutsen zinariya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kuma maganin asibiti ba ya tsinana kome muddin yaro zai koma cikin wannan ƙura.

Laifin bai tsaya kan ɗalibai kaɗai ba. Ana koyar da darasin da Turanci, a haddace shi da Turanci, a rubuta jarrabawarsa da Turanci, sa'an nan a tura yaro wurin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, a ce ya gamsar da ita cewa ruwan gishiri da sukari zai ceci jikanta mai gudawa. Sai ka ji shi yana ta inda-inda, rabi Hausa rabi Turanci, ita kuwa ta ce "to" don kunya, ta koma ga abin da ta sani. A ganinmu, bai kamata ɗalibi ya ci wannan darasi ba sai ya tsaya gaban mutane na gaske ya yi musu bayani da harshensu, malami na saurare yana ba da maki a kan abin da suka fahimta. Fita ƙauye da ake yi don ƙirga gidaje da zana taswirar gari da gano abin da ya fi addabar mutanensa, shi ma a wasu wuraren ya zama yawon shan iska, a kwafi rahoton 'yan bara a canza sunan gari. Malamin da ya sa hannu a kan irin wannan rahoto ya ci amana, ko ya sani ko bai sani ba.

Kusan haka abin yake ga masu karatun aikin jin daɗin jama'a, waɗanda ake wa kallon marasa makoma. Likita a Babbar Ruga ta Katsina zai iya ɗinke mai yoyon fitsari ta warke. Amma wa zai je ya zauna da mijin da ya guje ta da iyayen da suka ware mata ɗaki, ya nema mata sana'a, ya tabbatar ta haihu a asibiti nan gaba? Wannan aiki ne da ake koyo a aji, yana da ƙa'idojinsa na riƙon sirri da bin diddigi.

Saboda haka muna kira ga iyaye, idan yaro ya zo hutu, a tambaye shi makinsa a waɗannan darussa kamar yadda ake tambayar na magunguna. Shugabannin rassanmu kuma, duk garin da aka turo ɗaliban nan aikin fita, a ba su minti 10 bayan sallar Magariba, a ba 'yan matan lokaci a makarantun matan aure, a kuma sanar da malamansu abin da jama'a suka gane da abin da ya shige musu duhu.