Matasa masu jinkirin fahimta ma za su iya riƙe aiki in an raka su

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wasu matasa da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana zancen aikin yi, wato masu jinkirin fahimta. Ina nufin waɗanda suka taso da lalurar da ke sa karatu da lissafi da riƙe dogon bayani su yi musu nauyi, kuma a haka za su girma. Lalurarsu daban take da taɓin hankali, kodayake a unguwanninmu kuɗin goro ake yi musu.

A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Sashe na 29 na dokar ya umarci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, gwargwadon iko, kuma a 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Madalla. To amma ko a inda aka yi ƙoƙarin cika wannan kaso, su wa ke shiga? Makafi da kurame da masu keken guragu da suka yi karatu, kuma sun cancanta, babu mai ja. Saurayin da ba zai iya cike fom a intanet ba, balle ya zauna jarrabawar kwamfuta ko ya kare kansa gaban kwamitin ganawa, tun daga bakin ƙofa aka sallame shi.

Akwai waɗanda suka nemo wa wannan matsala mafita. A 1996, a asibitin yara na birnin Cincinnati da ke jihar Ohio a Amurka, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Erin Riehle, wadda ke shugabantar sashen gaggawa, ta gaji da yadda masu cika ɗakunan jinya da kayan aiki ke barin aikin ba su daɗe ba. Aiki ne mai maimaici, amma yana son natsuwa da bin tsari. Sai ta haɗa kai da wata ƙwararriyar malamar ilimi na musamman, Susie Rutkowski, suka fara koya wa matasa masu jinkirin fahimta aikin a cikin asibitin kansa. Daga nan shirin Project SEARCH ya samo asali, kuma ya bazu zuwa wasu ƙasashe, har da Birtaniya.

Yadda suke yi shi ne abin da ya kamata mu duba. Matashi zai yi kusan shekarar karatu guda a ma'aikata ta gaske. Da safe a yi masa ɗan darasi a wani ɗaki cikin ma'aikatar, kan zuwa da wuri, hawa mota, riƙe kuɗi, da yadda ake magana da shugaba. Sauran yinin yana bakin aiki tare da ma'aikata. A cikin shekarar zai zagaya sassa uku, kowanne kimanin mako goma, don a gano inda hannunsa ya fi faɗawa. Ginshiƙin abin kuwa shi ne mai rakiya, mutumin da aka horar musamman. Shi zai fara koyon aikin da kansa, ya yanyanka shi gutsi-gutsi, in ta kama ya ɗauki hoton kowane mataki ya jera a kati domin wanda karatu ke ba wuya. Zai tsaya kusa da matashin a kwanakin farko, sannan ya riƙa ja da baya, yau yana gefensa, gobe yana bakin ƙofa, har a kai ranar da ba a buƙatarsa. Shi ne kuma ke nuna wa shugaban sashe cewa ba da umarni ɗaya bayan ɗaya ya fi jero biyar a numfashi guda. A ganina rabin aikinsa ma koyar da sauran ma'aikatan ne.

A Ingila gwamnati ta rungumi irin wannan tsari domin matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 da ke da takardar shaidar buƙata ta musamman a fannin ilimi, kuma a 2022 ta ware fam miliyan 18 don faɗaɗa shi. Dalili a fili yake: cikin manya masu wannan lalura da ƙananan hukumomin ƙasar ke kula da su, kimanin 5 ne kacal cikin 100 ke da aikin albashi. Masu gudanar da Project SEARCH a Birtaniya kuwa suna cewa fiye da rabin waɗanda suka kammala shirinsu na samun aiki.

Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. A Ingila ba a biyan matashin albashi a tsawon horon, kuma wannan abin dubawa ne sosai a ƙasa irin tamu, inda ake iya riƙe mai cikakken wayo ma shekaru da sunan "ana gwada shi". In za mu ɗauka, sai an rubuta wa'adi, an ba da kuɗin mota da na abinci, kuma a auna nasarar shirin da yawan waɗanda suka samu aikin albashi a ƙarshe. Yawan takardun shaidar da aka raba ranar yaye ba ma'auni ba ne.

Koyo a bakin aiki ai ba baƙonmu ba ne. Haka tela da bakanike da kafinta suka koyi sana'a a hannun maigida, kuma hukumar ITF ta daɗe tana tura ɗaliban manyan makarantu ma'aikatu ƙarƙashin shirin SIWES. Abin da muka saba yi wa masu jinkirin fahimta kuwa shi ne a tara su a cibiya na 'yan makonni, a koya musu haɗa sabulu ko man shafawa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Alhali wahalarsu ita ce ɗaukar abin da suka koya a wani wuri su yi amfani da shi a wani wurin daban, shi ya sa koyarwa a inda za a yi aikin ta fi kama su. Maigidan gareji ma in ya karɓi irin wannan yaro, ba shi da lokacin maimaita abu sau ashirin, ga sauran yaran shago na tsokana. Nan ne gurbin mai rakiya.

Guraben aikin suna nan: ɗakin wanki da na ajiyar kaya a asibitocin koyarwa, ɗakunan girki na otal-otal, jera kaya a manyan kantuna, gidajen burodi, gonakin kaji. Iyaye kuma suna da tsoro mai hujja, musamman a kan 'ya'ya mata, domin azzalumai sun fi kai hannu ga wanda ba zai iya ba da labari ba. Don haka sai an sa mata cikin masu rakiya, kuma an bar ƙofa a buɗe ga iyaye su ga inda 'yarsu ke yini.

Ina kira ga hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa da ma'aikatun ilimi na jihohinmu su gwada wannan a asibitin koyarwa ko da guda ɗaya, da matasa kaɗan, a horar da masu rakiya daga cikin waɗanda suka karanta ilimi na musamman a kwalejojinmu suna zaune babu aiki. Kai kuma Edita, don Allah ka tura wakilanka su tambayi ma'aikatun gwamnati ko mutum nawa ne masu jinkirin fahimta a cikin kason nan na kashi 5, ka buga mana amsar da suka bayar.



Mai karatunku,
daga Zariya, Jihar Kaduna