Rushe Gini Ma Sai Gwani

Mutane da yawa idan za su ɗora bene sukan nemi injiniya da magini na ƙwarai, amma ran da gidan ya gaji za a sauke shi, sai su kira duk wanda suka gani da guduma a bakin titi. Wannan ganganci ne, domin kuwa rushe gini sana'a ce mai zaman kanta, kuma hatsarinta bai gaza na ginawa ba.

Lalle tsohon gida ba abin bari ba ne. Ran 13 ga watan Maris, 2019, wani bene mai hawa uku ya rufta a Ita Faji cikin Ikko, da makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu, alhali kuwa an riga an yi masa alamar rushewa. To, saukewa dole ce, abin dubawa shi ne wa za a ba aikin. A cikin Ikkon nan ne dai aka sauke dogon ginin Bankin Masana'antu na titin Broad a 2008, bayan wani sashensa ya faɗi a 2006. Gwanaye aka ɗauko, aka janye jama'a daga unguwar, aka sa nakiya, ginin ya durƙushe a inda yake.

Mai ƙaramin gida ba ya bukatar nakiya, amma yana bukatar irin wannan tsari. Da farko ya nemi ɗan kwangila na garinsa, wanda aka san ofishinsa, ya je ya ga inda ya taɓa rushewa, ya tambayi maƙwabtan wurin yadda suka ƙare da shi. Ya nemi ganin takardar rajistar kamfaninsa, da sunan injiniyan da zai tsaya a kan aikin, wanda ke da rajista da hukumar COREN da aka kafa tun 1970. Har ila yau kada a ɗaga guduma sai an karɓi izni daga hukumar tsara gari ta jiha.

Gwani ba ya yanke farashi sai ya zagaya ginin. Zai duba ginshiƙai da bangon da aka haɗa da maƙwabci, ya sa a yanke wutar lantarki da ruwan famfo, ya kewaye wurin da kwano, sa'an nan ya fara daga sama ya gangaro. Idan rufin na asbestos ne, irin wanda aka yi yayi a da, sai a jiƙa shi a cire ɗai-ɗai, domin ƙurarsa tana jawo ciwon daji a huhu.

Wanda ya fi cancanta a guje shi ne mai cewa kada a biya shi ko kwabo, a bar masa rodi da ƙofofi kawai. Wanda ladansa rodi ne, rodin zai fara bi, ko da kuwa shi ke riƙe da ginshiƙi. Araha ba ta ado. Leburorin da kankare kan danne a irin wannan aiki kuwa, da yawansu 'yan ci-rani ne da suka baro iyali a gida.

Saboda haka a rubuta yarjejeniya: nawa za a biya, yaushe za a gama, wa zai kwashe ɓaraguzai, wa zai biya idan bangon maƙwabci ya tsage ko lebura ya ji rauni, kuma ina takardar inshora. Kuɗin kafin alƙalami kada ya cinye rabin ciniki. Ɗan kwangilar da ya ƙi sa hannu a kan waɗannan, ya riga ya faɗa wa mai gida ko shi wane ne, sai a sallame shi tun bango yana tsaye.