Kafin a Sayo wa Mai Ciwon Ƙoda Maganin Ƙarin Ƙarfi

Jama'a, duk wanda ya yi jinyar mai ciwon ƙoda ya san yadda naman jiki ke zagwanyewa: cinya ta tsotse, tashi daga kan tabarma sai an kama hannu, butar alwala ma ta yi nauyi. Tausayi ke sa 'yan uwa su ruga kemis su sayo garin furotin da ƙwayoyin ƙarin kuzari, kuma nan ne tsorona yake. Wanda bai fara wankin ƙoda ba, likitoci kan taƙaita masa furotin zuwa kimanin giram 0.6 zuwa 0.8 a kowane kilo na nauyinsa a rana. Wanda ke kan injin wankin ƙoda kuwa yana buƙatar 1.0 zuwa 1.2, domin wankin kansa na rage shi. Ashe gwangwanin da ya taimaki wannan zai iya cutar da wancan. Ga kuma sinadarin fotasiyam: in ya taru a jini, shi kansa yana kashe jiki, har ya iya tsayar da zuciya, alhali muna ta ɗura wa majinyaci ayaba da dabino, masu ɗauke da shi da yawa. Wani lokacin ma ƙarancin jini ne ke kawo raunin. Don Allah, a nuna wa likitan ƙoda gwangwanin kafin a buɗe shi.