Fenobabiton: Maganin farfaɗiya da ke iya sauya halin yaro

A ƙasashe masu tasowa, ciki har da Najeriya da Nijar, fenobabiton na daga cikin magungunan da aka fi bai wa yara masu farfaɗiya. Yana da araha, kuma yana aiki. Tun shekarar 1912 ake amfani da shi, lokacin da wani likita Bajamushe, Alfred Hauptmann, ya lura cewa yana rage faɗuwar masu ciwon. Har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Maganin yana cikin rukunin babiturat, wato magungunan da ke kwantar da ƙwaƙwalwa su sa barci. Babba yakan ji kasala idan ya sha, amma wasu yara akasin haka ke samun su: yaro ya kasa zama wuri ɗaya, ya riƙa saurin fushi da tsokanar faɗa, barci ya gagare shi, karatu ya ja baya.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1990 ya bi yaran da aka ɗora kan maganin saboda jijjigar zazzaɓi. Bayan shekara biyu, makin gwajin basirarsu ya yi ƙasa da na yaran da ba su sha ba. Shi ya sa likitoci ba sa son ɗora yaro a kansa saboda jijjigar da zafin jiki kaɗai ya jawo. Amma binciken da aka yi a Indiya a 1998 da Bangladesh a 2007 kan yara masu farfaɗiya bai nuna ya fi wasu magunguna ɓata hali ba. Ke nan ba kowane yaro yake shafa ba.

Haɗarin yana wajen yadda gida ke fassara sauyin. Wani yaron bulala zai sha a ce taurin kai ne, wani a ce aljanu ne suka shige shi. Wasu iyayen kuma sukan dakatar da maganin rana ɗaya, alhali yanke shi farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda kan kai ga mutuwa.

Wajibi ne ma'aikacin lafiya ya yi wa iyaye wannan bayani tun ranar farko, ya kuma riƙa tambayar halin yaro da karatunsa duk lokacin da aka dawo asibiti. Iyayen da suka ga sauyi su koma wurin likita, domin shi ne zai rage adadin a hankali ko ya canza magani. Masu kemis su daina sayar da shi ba tare da takardar likita ba, musamman ga mai neman abin da zai sa yaro barci. Gwamnatoci kuma su wadata asibitocin karkara da wasu magungunan farfaɗiya, domin likita ya samu zaɓi idan wannan bai karɓi yaro ba.